Ina Makanikan Tsofaffin Babura Suka Shiga?

Duk wanda ya saba shiga gidajen tsofaffin ma'aikata a Kano ko Zariya ko Katsina ko Sakkwato ya san wani abu guda da ba a cika rasawa a zaure ko a bayan ɗaki ba, watau tsohon babur a jingine da bango, tayoyinsa sun sace, ƙura ta rufe tankinsa, wani lokaci ma kaji sun mai da ƙarƙashinsa wurin kwana. In ka tambayi mutanen gidan me ya same shi, amsar ba ta wuce ɗaya: an kai shi gyara, aka dawo da shi ya fi da lalacewa, aka sake kai shi wani wuri, daga nan maigidan ya gaji ya jingine shi. Galibin waɗannan babura ba tsufa ne ya kashe su ba. A hannun masu gyara suka mutu.

Wannan magana ta shafe mu, mu ɗalibai da 'yan'uwanmu ƙananan ma'aikata, fiye da yadda muke zato. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi shi, farashin sabon babur kuma ya yi wa mai ƙaramin albashi nisa. Saboda haka samari da yawa suka fara waiwayar abin da iyayensu suka jingine. Amma duk wanda ya share ƙurar Vespa ko Honda ta mahaifinsa, tambayar farko da za ta tare shi ita ce: wa zan kai wa? Ra'ayina a nan shi ne, makanikin kirki na tsohon babur bai ƙare ba tukuna, amma ya yi ƙaranci, kuma masu babura ne da kansu suka jawo ƙarancin nan, domin sun yarda su biya kuɗin ƙarfe, amma ba su yarda su biya kuɗin ilmi ba. Wanda yake son ya sami irin wannan makaniki tilas ne ya san alamominsa, kuma tilas ne ya zama mai babur ɗin da ya cancanci irinsa.

Yadda sana'ar ta sauya

Kafin mu zargi kowa, ya kamata mu duba yadda aka yi muka iso nan. Baburan Ingila, irin su BSA da Triumph, su ne suka fara zuwa ƙasar nan tun zamanin Turawa. Daga baya na Italiya da na Japan suka danne su. Kamfanin Piaggio ya fito da Vespa a 1946, Honda ya fito da Super Cub a 1958, sa'an nan CD175 mai silinda biyu ya biyo baya a 1967. Da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji tare da bashinsa a 1975, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti da yawa suka sauka daga keke suka hau babur. A wancan zamani babur dukiya ce da mutum yake saya sau ɗaya ya riƙe ta shekaru, kuma makaniki yakan san baburan unguwarsu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ungozoma ta san yaran da ta karɓi haihuwarsu.

A 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi, sabon babur ɗan Japan ko ɗan Italiya ya gagari ma'aikaci. Giɓin da aka samu baburan ƙasar Sin ne suka cike shi, irin su Jincheng, daga bisani kuma Bajaj na Indiya ya shigo, sana'ar acaɓa ta bunƙasa a kansu. To, ɗan acaɓa ba shi da lokacin da zai bar babur a gareji kwana uku, domin kowace sa'a da babur ya yi a tsaye asara ce gare shi da iyalinsa. Kayan gyaran sababbin baburan kuwa suna da araha, kuma ana samunsu a kowane lungu. Sai ya zama cire tsohon kabureta a jefar a ɗaura sabo ya fi sauƙi a kan a zauna a warware shi a wanke a daidaita. Yaron da ya shiga gareji a wannan zamani abin da ya tarar ke nan, shi ya koya, kuma ba laifinsa ba ne. An koya masa musanya, ba a koya masa gyara ba. A kan sabon babur wannan ya isa a ci abinci. A kan tsohon babur, wanda ba a samun kayansa a shagon bakin titi, musanya ba ta da inda za ta kai shi.

Abin da tsohon inji yake bukata

Wani zai ce ai babur babur ne, wanda ya iya wannan zai iya wancan. Bari mu dubi injin da kansa mu ga ko haka ne.

A yawancin baburan da ke kan titi yanzu, wani ɗan baƙin akwati da ake kira CDI shi ne yake sarrafa lokacin da fulogi zai ba da wuta. Ba a buɗe shi, ba a daidaita shi. In ya mutu a sayo wani. Tsofaffin baburan kuwa da kontak suke aiki, watau wasu 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa suna rabuwa yayin da inji yake juyawa. A tsofaffin Honda ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce milimita 0.3 zuwa 0.4 ba, kuma dole ne su fara rabuwa daidai lokacin da alamar F da ke jikin magineto ta zo kan layinta. In wuta ta yi jinkiri, babur zai rasa ƙarfi ya riƙa zafi. In ta yi gaggawa, zai riƙa dukan ƙafar mai tayar da shi, kuma yana iya huda fistin. Haka nan ratar bawul a CD175 da ƙananan Cub milimita 0.05 ce, kusan kaurin silin gashi guda, kuma ana auna ta ne inji yana da sanyi. Ba a gane wannan da ido ko da ɗan yatsa. Akwai ma'auninta, wasu siraran ɓallayen ƙarfe masu lamba a jiki, kuma garejin da babu wannan ma'auni bai kamata a buɗe kan injin tsohuwar Honda a cikinsa ba.

Akwai kuma abin da ba a gani daga waje. Waɗannan Honda ba su da matatar baƙin mai ta takarda irin ta mota. A cikin injin, ta gefen dama, akwai wani ɗan ƙoƙo da yake juyawa tare da inji yana tara dattin mai a jikin bangonsa. Wanda bai san da shi ba zai yi ta juye mai shekara da shekaru, ƙoƙon yana cika da laka, har ranar da mai zai kasa isa saman inji, ƙarfe ya ci ƙarfe. Wutar baburan nan da yawa kuma bolt 6 ce, alhali na yanzu 12 ne, saboda haka ƙwan fitila da batir da hon na sabon babur ba za su yi musu ba. Hatta baƙin man kansa akwai magana a kai, domin kulocin babur a cikin mai yake iyo, wasu mayukan mota na zamani kuwa an sa musu sinadarin ƙara santsi wanda yake sa kuloci ya riƙa zamewa. Dalilin da ya sa ke nan Japanawa suka kafa ma'auni na musamman ga man babur a 1998, wanda ake ganin alamarsa JASO MA a jikin galan.

Vespa kuwa wata duniya ce dabam. Injinta mai bugu biyu ne, watau ba ya ajiye baƙin mai a cikinsa don shafe fistin, sai dai a gauraya man da fetur su ƙone tare. A irin su PX, wadda ta fito a 1977, ma'aunin kashi 2 cikin 100 ne, watau mililita 20 a kowace lita, in ba irin wadda take da tankin mai dabam mai haɗawa da kansa ba ce. Akwatin giyarta yana da nasa man, mililita 250 kacal. Irin wannan inji yana rayuwa ne a kan rashin yoyon iska: in robar da ke toshe gefen ƙarfen da yake juya fistin ta bushe, iska za ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya, fetur ya yi ƙaranci a cikin haɗin, inji ya yi zafi ya kame ana tsakiyar gudu. Wanda bai san haka ba zai yi ta murɗa kabureta har rana ta faɗi. In Vespa tana fitar da giya da kanta, galibi wani ɗan ƙarfe ne mai siffar gicciye a cikin akwatin giya ya cinye, abu ne ƙarami mai araha, amma sai an raba injin biyu kafin a kai gare shi. Maginetonta kuma akwai abin da aka yi musamman don zare shi. Wanda ya sa guduma yana iya lanƙwasa ƙarfen da yake zaune a kai ko ya raunana maganaɗisun, ɓarnar da ta fi wadda aka zo gyarawa.

Na Ingila sun fi duka wuyar sha'ani. Notinansu da kusoshinsu ba a kan ma'aunin milimita aka yi su ba, a kan ma'aunin inci ne irin na Ingila, wanda asalinsa Joseph Whitworth ya tsara a 1841. Sifanar milimita ba ta zama daidai a kansu, noti na milimita kuma in aka tilasta shi zai cinye zaren kusar har abada. Giyarsu a ƙafar dama take, birki a hagu, kuma da yawa daga cikinsu wayar batir mai alamar tarawa ita ce ake haɗawa da jikin babur, akasin abin da yaran gareji suka saba. Kamfanin BSA na asali ya durƙushe tun 1973, saboda haka kowace kusa da aka lalata ba a bakin titi za a samo madadinta ba. Ko na Japan ɗin ma, sukurorinsu masu kan gicciye an yi su ne a kan ma'aunin Japan, sau da yawa da ɗan ɗigo a kansu, kuma sukudireban da aka saba da shi yakan zame ya cinye kan. Duk tsohuwar Honda da ka ga kawunan sukurorinta sun zama rami, tarihin hannuwan da ta bi ne a rubuce.

Alamomin makanikin kirki

To, ina za a same shi? Abu na farko, kada ka nemi makaniki, ka nemi babur. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. In ka ga dattijo a kan tsohuwar Vespa ko Honda tana tafiya sumul, ƙararta daidai, ba ta ɗigar mai, ka tsaya ka gaishe shi da ladabi ka tambaye shi wanda yake duba masa ita. Irin waɗannan dattawa ana ganinsu a harabar masallacin Juma'a, da ofishin biyan fansho, da bakin kasuwa. Baburin da ya shekara 40 yana aiki shaida ce da ta fi kowane allon gareji. Masu sayar da tsofaffin kayan babur a wurare irin su kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna su ma sun san masu zuwa neman kayan tsofaffin injuna, kuma sun san wanda ya san abin da yake nema da wanda yake lalube. In mutum uku da ba su san juna ba suka ambaci suna ɗaya, to, ka kama hanya.

In ka isa garejin, kada ka yi gaggawar miƙa makulli. Ka zauna a benci ka yi kallo, domin gani ya kori ji. Dubi inda yake zuba kusoshin injin da ya kwance: a cikin faranti ko gwangwani suke, a jere yadda aka ciro su, ko kuwa a ƙasa cikin yashi? Yashi ɗaya a cikin inji ya isa ya kankare silinda. Dubi sau nawa hannunsa yake kai wa guduma. Dubi ko yana wanke wajen inji kafin ya buɗe cikinsa. Dubi irin baburan da ke jiran layi, da waɗanda aka yi watsi da su a gefe an cire musu sassa. Gareji mai yawan gawarwaki yana gaya maka makomar naka.

Sa'an nan ka saurari tambayoyinsa. Makanikin kirki kamar likita yake, yana tambaya kafin ya taɓa. Zai ce, "Ɗan samari, shekara nawa ya yi a ajiye? Da sanyin safiya yake ƙin tashi ko sai ya yi zafi? Wa ya buɗe shi na ƙarshe?" Zai cire fulogi ya dubi launinsa, domin baƙi mai toka, da baƙi mai maiƙo, da fari fat, kowanne labarinsa dabam. Zai taka kik a hankali ya ji ƙarfin matsin fistin a ƙafarsa. Zai leƙa cikin tanki ya ga ko ya yi tsatsa. Wanda tun kafin ka rufe baki ya ce sai an sauke inji, ko ya fara lissafa maka kayan da za a sayo, ka yi masa godiya ka tura baburinka gaba.

Ka yi masa tambaya ɗaya ko biyu da ka riga ka san amsarsu, cikin girmamawa, ba da niyyar ƙure ba. "Baba, wannan da kontak yake ko an sauya masa? Mai nawa ake zuba wa lita?" Ba lalle ne ya faɗi lambar da ke cikin littafi ba, domin da yawa daga cikin gwanayen nan ba su yi boko ba, amma zai ɗauko ma'auninsa ya nuna maka, ko ya nuna maka murfin da yake awon mai da shi. Babbar alama kuma ita ce ya san iyakar saninsa. In silinda ta cinye, gwani ba ya ɗaura sabon zobe ya sallame ka. Zai aika da ita wurin masu injin rarake ƙarfe a faɗaɗa ta zuwa mataki na gaba, domin Honda ya yi fistin masu ƙarin girma na milimita 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00 saboda wannan. In wayar magineto ta ƙone zai tura ka wurin mai naɗi. Wanda ya ce shi ne makaniki, shi ne mai walda, shi ne mai wayarin, shi ne mai fenti, ka ji tsoronsa.

Abu na ƙarshe, ka lura da yadda yake kallon abin da ba ya dawowa. Akwai gyaran da in an yi shi an yi ke nan: yanke firam, walda a kan kusar da ta kamata ta kwance, yanke wayoyin asali, jefar da kaburetan kamfani a sa na zamani. Wani lokaci larura takan sa a sauya wani abu, kamar a mai da kontak ya koma CDI in an rasa mai kyau, kuma ban ga aibun haka ba. Amma gwani zai gaya maka kafin ya yi, zai yi shi yadda za a iya mayarwa, kuma zai miƙo maka tsohon kayanka a leda. Furfura kuwa ba ita ce shaida ba. Gaskiya ne da tsohuwar zuma ake magani, amma akwai tsohon da ya shekara 30 yana maimaita kuskure ɗaya, akwai kuma saurayin da ya tashi a hannun gwani ya ɗauke hannunsa duka.

Rabon mai babur a cikin laifin

Yanzu sai mu juyo kan masu baburan, domin a nan ne maganar take da ɗaci. Dubi yadda ake ciniki a gareji. In makaniki ya ce a sayo sabon kabureta, mai babur zai zaro kuɗi ba musu, domin ya ga ƙarfe mai ƙyalli. In kuwa ya shafe rabin yini yana bin waya ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda ta gutsure, ya haɗa ta, babur ya tashi, ya faɗi kuɗin aikinsa, sai ka ji an ce, "Haba Malam, me ka sa a ciki? Ai waya kawai ka ɗaura." An manta cewa ɗaurin bai ɗauki minti biyar ba, amma sanin inda za a ɗaura ya ɗauki shekara 20. Sana'ar da ake biyan mai musanya a hana mai bincike, ba da daɗewa ba za ta cika da masu musanya. Gwanin da ya ga haka ko dai ya bi sahu, ko ya koma gyaran A Daidaita Sahu da janareta, ko ya hana ɗansa gadon sana'ar. Da haka ilmin yake bin masu shi kabari.

Bayan rowa akwai gaggawa. Baburin da ya shekara 15 a jingine ana son ya tashi kafin la'asar. Sauri kuwa ya haifi nawa. Irin wannan babur yana bukatar a wanke tankinsa, a sauya duk wata roba da ta bushe, a duba birki da kebur, a zuba ɗan mai a silinda a juya inji da hannu kafin a nemi ya kama wuta. Tayoyinsa ko da zanensu bai goge ba sun riga sun mutu; tun daga shekarar 2000 akwai lambobi huɗu a gefen taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2315 na nufin mako na 23 na 2015. Wanda ya tilasta wa makaniki ya tsallake waɗannan don ya yi sauri, da ransa yake wasa, ba da aljihunsa kawai ba.

Bayan gaggawa akwai sakaci, kuma wannan tsohon ciwo ne da ba mu kaɗai muke da shi ba. A 1974 kamfanin Honda ya tura injiniyoyinsa su zaga wasu ƙasashen Asiya su ga yadda ake amfani da baburansu. Suka tarar ana lodin da ya wuce kima, ba a juye baƙin mai sai ya yi kauri, ba a wanke matatar iska, ba a zuwa gareji sai babur ya tsaya cik. Da suka koma gida sai suka ƙera CG125 a 1975, da inji mai jure wulakanci, kuma a kan tsarinsa aka kwaikwayi injunan baburan Sin masu yawa. Darasin da ke ciki shi ne, baburan da suka riga shi, irin su CD175, ba a yi su don mai sakaci ba. Makaniki komai gwanintarsa ba zai bi ka gida ya juye maka mai ba.

Na san akwai masu cewa duk wannan wahala ce marar amfani, gara mutum ya tara kuɗi ya sayi sabon Bajaj ya huta. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma wanda ba shi da haƙuri, ko wanda aikinsa ba ya jure babur ya kwana a gareji, shawarar da zan ba shi ke nan. Amma ba kowa ne yake da kuɗin sabo ba, tsohon kuwa yana nan a gida ba a biya ko kwabo ba. Ban da haka, a ƙasashen Turai da Amurka da Japan irin waɗannan babura dukiya ce da ake nema ana adanawa, ana kafa ƙungiyoyi dominsu, alhali mu a nan muna sayar wa 'yan jari-bola su a kan nauyin kilo. Akwai kuma masu cewa makanikai ba su da amana, in ka sakar musu kuɗi sun samu. Lalle akwai macuta a cikinsu, kamar yadda suke a ofis da kasuwa. Maganin macuci kuwa shi ne ka san baburinka, ka yi magana a fili tun farko. Matse kuɗin aikin mai gaskiya ba ya hana macuci cuta, sai dai ya kori mai gaskiyar.

Abin da ya rage gare mu

In ka dace da gwani, ka fara shi da ƙaramin aiki, kamar daidaita kontak ko wanke kabureta, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku raba kuɗin kaya da kuɗin aiki tun kafin a kwance kusa ɗaya, kuma ku yi alkawarin ba zai sayi wani babban abu ba sai ya sanar da kai. Ka ajiye ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar juye mai da abin da aka sauya. Ka rubuta lambar inji da ta firam, domin da su ake gane ainihin kayan da suka dace, ko daga 'yan kasuwar Nnewi za a aiko su, ko daga Indiya, inda aka daɗe ana ƙera babura irin Vespa da kayansu. In ya ce ka dawo bayan mako guda, ka ba shi makon. In ya gama, ka biya shi abin da ya faɗa, in da hali ka ƙara wa yaransa na sabulu.

Akwai kuma gudummawar da mu 'yan makaranta za mu iya bayarwa wadda ba ta kuɗi ba ce. Littattafan gyara na waɗannan babura, na kamfani da irin na Haynes, da yawansu ana samunsu ta intanet, da zanen wayoyi da ma'aunin kowace rata. Gwanin yana da hannu da kunne, mu muna da Turancin karanta littafin. In ka buga shafukan da suka shafi baburinka ka kai masa, kuka zauna kana fassarawa yana gwadawa, kowannenku zai tashi da abin da bai zo da shi ba. Abin kunya ne a ce ɗalibin injiniya ya iya lissafin zafin da ke cikin silinda a takarda, amma bai taɓa riƙe fistin a hannunsa ba, kuma yana ganin zama a bencin gareji ƙasƙanci ne. Tun 1973 aka kafa shirin SIWES don ɗalibai su fita su koyi aiki da hannu. Ban ga abin da zai hana sassan koyar da injiniya su amince da garejin gwanin makaniki a matsayin wurin wannan horo ba, maimakon ofisoshin da ɗalibi zai je ya sa hannu a rajista ya koma gida.

Ina kuma kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ɗauki wannan a matsayin aiki. Ba ya bukatar kuɗi mai yawa: a tattara sunayen gwanayen da masu tsofaffin babura suka yaba da su a garin nan, a gayyaci ɗaya ko biyu su zo ranar Asabar su kwance inji a gaban ɗalibai su mayar, a biya su kamar yadda ake biyan kowane baƙon malami, a naɗi bayaninsu a rubuta shi da Hausa. Mutanen da suka koyi aiki a kan Vespa da Honda a zamanin Udoji yau sun haura shekara 60, wasu 70. Kowace shekara muka yi jinkiri, akwai garejin da za a rufe ba a bar magaji ba.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa mai tsohon babur a zaure, kafin ka kira mai jari-bola, ka fita ka yi tambaya. In Allah ya haɗa ka da mai sani, ka gaishe shi da girmamawar da ake yi wa malami, ka ba shi lokacinsa, ka biya shi hakkinsa cikakke, kuma ka zauna kusa da shi ka koya. Allah ya sa mu dace, ya kuma kiyaye mu a kan hanya, amin.